Icce Cikin Kasko: Tarihin Bonsai da Jinyar Bayan Dashe

A birnin Washinton na ƙasar Amurka akwai wani icce da ke zaune cikin kasko tun shekarar 1625. Irin itatuwan nan ne na ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura, waɗanda aka koya mana sunansu da Faransanci a makaranta, wato pin. Tsawonsa bai kai na mutum ba. Wani gida a birnin Hiroshima na ƙasar Japan, gidan Yamaki, su ne suka riƙe shi, kaka ya bar ma ɗa, ɗa ya bar ma jika. Ranar 6 ga watan Agusta 1945 da aka jefa bam ɗin nukiliya a birnin, iccen na cikin lambun gidan, wajen kilomita 3 daga inda bam ɗin ya fashe. Katanga ta kare shi, ya rayu. A 1976 Masaru Yamaki ya ba da shi cikin itatuwa 53 da masu wannan sana'a na Japan suka yi ma Amurka kyauta, lokacin da ta cika shekara 200 da samun ƴancin kai. Bai ce komi ba game da bam. Sai a 2001, da jikokinsa biyu suka je ganin iccen, sannan masu kula da shi suka ji labarin.

Duk wanda ya ba da wannan labari, a kan bam yake tsayawa. Ni kuwa wani lissafi ne ya tsaya mini a rai. Icce ba ya dawwama cikin ƙasa ɗaya a kasko. Bayan ƴan shekaru dole a cire shi, a kakkaɓe tsohuwar ƙasa, a datse saiwa, a maida shi cikin sabuwa. In mun ce ana yi ma tsohon icce haka sau ɗaya a shekara biyar, to cikin shekara 400 an yi mishi wajen sau 80 ke nan. Kuma kowane karo sai ya yi rauni, sai wani mutum ya yi jinyarsa na makonni. Bam sau ɗaya ya gani, almakashi kuwa sau tamanin. Da mai jinya ɗaya cikinsu ya yi sakaci ko ya yi gaggawa, da ba mu da labarin da za mu bayar yau.

Shi ya sa a wanga ɗan rubutu nake so in bi tarihin wannan sana'a da ake kira bonsai, in kuma sauka a kan tambayar da ke damun duk mai icce cikin kasko, musamman mai ba da ƴaƴa kamar rumman ko lemu: an sake mishi ƙasa, ga shi ya langaɓe, me za a yi?

Kalmar da hanyar da ta biyo

Tunda harshe nake karanta, ku yi mini haƙuri in fara da kalma. Sinawa suna rubutu da alamomi, kowace alama gaɓa ɗaya ce mai ma'anarta. Akwai alamar da suke karantawa pen, ma'anarta kasko ko akushi mai faɗi maras zurfi. Akwai wadda suke karantawa zai, ma'anarta dasawa. In an haɗa, penzai. Mutanen Japan sun ari rubutun Sinawa tun fiye da shekara dubu da ta wuce, sai suka karanta alamomin nan biyu da bakinsu: bon, sai. Mutanen Koriya suka karanta su bunjae. Rubutu ɗaya ne, baki ne ya bambanta. Su Sinawa sun fi amfani da wata kalmar, penjing, wato shimfiɗar ƙasa cikin kasko, don su ba icce kaɗai suke sakawa ba, har da ƴan duwatsu da ruwa, wani lokaci da ɗan mutum-mutumi, kamar an ɗauko daji an ƙanƙance shi.

Faransawa suka ɗora ɗigo biyu bisa wasalin ƙarshe, bonsaï, don kada mai karatu ya ce "bonse". Ta bakinsu kalmar ta iso mana. Wasu kuma na rikita ta da banzai, kirarin nan na sojan Japan da ake ji cikin fim. Ba su da dangantaka; banzai na nufin shekara dubu goma, wato kamar mu ce ranka ya daɗe.

Abin da ya fi burge ni shi ne Hausa ta riga ta raba abu biyu da wannan sana'a ta dogara a kansu. Muna da shuka, muna da dasa. Iri ake shukawa. Abin da ya riga ya tsiro, mai rai da saiwa, shi ake cirewa daga wani wuri a dasa a wani. Daga dasa muka samu dashe, kamar yadda fasa ke ba da fashe, ganɗantawar nan da muke zanawa a allo kowace shekara. To in za a maida bonsai Hausa gaɓa da gaɓa, dashen kasko ke nan. Ashe tun daga sunan an faɗi inda haɗarin yake.

Daga Sin zuwa Japan

Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun da ake da su zane ne a bangon kabarin wani ɗan sarki na daular Tang ta ƙasar Sin, Yarima Zhanghuai, wanda aka gina a 706. A zanen ana ganin barori riƙe da kasake masu ƴan duwatsu da tsirrai. Ke nan a wancan lokaci abin ya riga ya zama kayan fada. Daga Sin ya ƙetara teku tare da jakadu da malaman addinin Buda, waɗanda suka kai ma Japan rubutu, shayi da tsarin lambu. A wani dogon zane na naɗi da aka yi a Japan a 1309, mai suna Kasuga Gongen Genki, ana ganin itatuwa cikin kasake an jera su bisa dakali a farfajiyar gidan wani babban mutum.

A wancan zamani ba bonsai suke cewa ba. Hachi no ki suke cewa, wato iccen cikin kwano. Akwai ma wani tsohon wasan kwaikwayo nasu mai wannan suna. Labarin wani jarumi ne da talauci ya kama, ba abin da ya rage mishi sai itatuwa uku cikin kasko: ume, sakura da pin. Wani dare mai tsananin sanyi wani matafiyi cikin shigar malamin addini ya nemi masauki. Ba itacen wuta a gidan, sai maigida ya sare itatuwansa uku ya hura ma baƙo wuta. Ashe baƙon Hojo Tokiyori ne, wanda ya riƙe mulkin ƙasar a ƙarni na 13, yana yawo a ɓoye. Daga baya ya saka mishi da filaye uku masu sunayen itatuwan nan. Abin lura a nan biyu ne. Na farko, masu kallo sun san darajar abin da aka ƙona, in ba haka ba wasan ba shi da armashi. Na biyu, ume icce ne mai ƴaƴa, ƴaƴan da har yau ake jiƙawa da gishiri a ci da shinkafa. Itatuwa masu fure da ƴaƴa suna cikin sana'ar tun farkonta.

A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, ƙasar ta samu dogon zaman lafiya, sai kiwon itatuwa ya bazu daga fada zuwa gidajen ƴan kasuwa. Shugaban soja na uku na gidan Tokugawa, Iemitsu, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1651, an san shi da son wannan abu. Wani pin da ake dangantawa da shi yana nan da rai a fadar sarkin Japan a Tokiyo.

Sai wajen 1800 ne wasu masu ilimi na yankin Osaka, masu sha'awar adabi da zanen Sinawa, suka fara kiran itatuwansu bonsai, suka kuma koma ga kasake marasa zurfi. Me ya sa suka canza suna? A harshen Japan kalmomi hawa biyu ne: na gida, da waɗanda aka aro daga Sinanci, kuma na aro su ne ke da ƙamshin ilimi. Mu ma mun san wannan. Roƙo da addu'a, kushewa da kabari. Na biyun daga Larabci suke, kuma su ne ake ji a bakin malamai. Da aka bar "iccen kwano" aka ce bonsai, an ɗaga abin daga aikin lambu zuwa fasaha. Amma ku lura da abin da ya biyo baya: kasko maras zurfi ƙasa kaɗan yake ɗauka. Kyau ya ƙaru, wurin kuskure ya ragu. Daga nan datse saiwa da jinyar bayanta suka zama ilimin da ba makawa.

Icce ya riga ilimi tafiya

Bayan 1868 Japan ta buɗe ƙofa ga duniya. An nuna itatuwan a manyan bukukuwan baje koli na Paris a 1878, 1889 da 1900, da kuma Landan a 1910. Turawa suka yi ta mamaki. Faransawa a lokacin "wadannin itatuwa" suke ce musu, kuma da wannan suna wani marubuci, Albert Maumené, ya fitar da ɗan littafi a kansu a 1902. Da yawa sun ɗauka wani iri ne na daban, ko wani asiri ne ake yi. Alhali icce ne kamar kowane. In ka cire shi daga kasko ka dasa a gona, girma zai yi. Sayen icce abu ne mai sauƙi, sanin yadda ake riƙe shi ne ya daɗe bai iso ba. Littafin da ya buɗe ma Turawa aikin dalla-dalla, na Yuji Yoshimura da Giovanna Halford, sai a 1957 ya fito, kusan shekara 80 bayan baje kolin farko na Paris.

A gida kuma sana'ar ta sha nata dashen. Ranar 1 ga Satumba 1923 girgizar ƙasa da gobara suka cinye yawancin Tokiyo. Masu lambunan bonsai suka fita neman wuri mai ruwa mai kyau, iska da fili, suka kafa ƙauyensu a Omiya, arewa da birnin, a 1925. Dokokin zama a ƙauyen sun ba ni dariya da na fara karanta su, daga baya na ga hikimarsu: sai kana da bonsai akalla goma, ka bar ƙofarka buɗe ga masu kallo, shingenka ya zama na tsirrai, kuma kada ka gina bene. Bene zai tare ma itatuwan maƙwabci rana da iska. A 1934 aka fara babban baje kolin Kokufu a Tokiyo, wanda ake yi har yanzu. Sai yaƙin duniya na biyu ya zo. Aka kwashi maza zuwa fagen daga, abinci ya yi wuya, ana yi ma mai ba icce ruwa kallon marar aikin yi. Lambuna da yawa sun rufe, itatuwa masu ɗaruruwan shekaru sun bushe, galibi don an rasa mai tsayawa kansu kullum. Waɗanda suka rage, ƴan tsirarun mutane ne suka riƙe su.

Masu sana'ar suna da wata magana: koyon ba da ruwa kaɗai shekara uku ne. Da na fara jin ta na ce wane irin ruwa ne haka? Sai da na fahimci abin da ke faruwa cikin kasko bayan dashe na gane ba ƙari suka yi ba.

Abin da ke faruwa cikin kasko

Saiwa iri biyu ce. Akwai manya masu kauri, aikinsu riƙe icce da ajiyar abinci. Akwai ƙanana sirara kamar gashi, su ne ke shan ruwa. Cikin kasko saiwa na ta zagaye har ta cika wurin ta dunƙule, ƙasa kuma ta narke ta zama laka, ruwa ya kasa shiga, iska ta kasa shiga. Shi ya sa ake cire icce, ƙarami duk shekara ɗaya ko biyu, tsoho duk shekara uku zuwa biyar ko fiye. Ana rage saiwa, yawanci ba a wuce kashi ɗaya cikin uku, don sabbin sirara su fito kusa da gindi.

Amma a ranar da aka yi aikin, masu shan ruwan ne aka rage. Ganye kuwa bai san an yi ba. Yana nan yana fitar da ruwa ta ƴan ƙofofinsa kamar jiya. Kamar gida ne mai baki ashirin, masu zuwa rijiya su shida, aka wayi gari biyu sun yi tafiya. Randa za ta yi ƙasa ko da rijiya cike take. Wannan shi ne langaɓewar da ake gani: ganye ya sunkuya, wani ya yi rawaya, wani ya zube. Maganin bai wuce abu biyu ba. A rage abin da ganye ke ɓatarwa, a kuma bar saiwa ta warke ba tare da an dame ta ba.

A hutun bara wata ƙawata ta kawo mini rumman ɗinta na kasko, kwana goma bayan an sake mishi ƙasa, rabin ganyen ya zube, ga ƴan ƴaƴa uku na lilo. Na ɗauke shi zuwa wurin wani dattijo mai rainon dashe a bakin gulbin Maraɗi. Bai taɓa jin kalmar bonsai ba. Ya sa farce ya ɗan kankare ɓawon reshe, ya ga kore ne da danshi a ƙasa, ya ce: "Ɗiyata, wanga yana da rai. Icce da anka taɓa ma saiwa mai jego ne, sai ya yi arba'in cikin ɗaki. Sai dai ita mai jego a ba ta kunun kanwa da nama, shi kau ba a ba shi komi sai ruwa, shi ma da awo." Na ce, "Baba, ƴaƴan fa?" Ya miƙa hannu ya tsinke su duka uku, ya zuba mini a tafi. Na dawo na duba abin da masanan Japan ke koyarwa, na tarar magana ɗaya ce, har kwanakin sun yi kusa: mako huɗu zuwa shida.

Jinyar, ɗaya bayan ɗaya

Da farko a tabbata akwai rai. Gwajin farce ya isa. In ƙarƙashin ɓawo kore ne, akwai fata, ko da ba ganye ko ɗaya. In ya bushe ya yi ruwan ƙasa, a gwada ƙasa-ƙasa kusa da gindi, don sau da yawa reshe kan mutu gindi na raye.

Sai inuwa. Ba duhun ɗaki ba, inuwa mai haske, kamar ƙarƙashin dogon yaro ko rumfar zana, inda ranar sassafe kaɗai za ta taɓa shi. A kare shi daga iska, don busasshiyar iska ta fi rana saurin zuƙe ganye. Kada a aje kasko bisa siminti mai zafi ko jikin bangon kwano. Saiwa za ta dahu a ciki. A ɗora shi bisa bulo biyu, ruwa ya samu hanyar fita, gara kuma ta rasa hanyar shiga. Akuya ma a yi lissafinta, ita ba ta san tarihi ba.

Sai ruwa, inda mafi yawan itatuwa ke mutuwa. Mutum ya ga ganye ya langaɓe, tausayi ya kama shi, ya yi ta zuba ruwa safe, rana da dare. Alhali saiwa numfashi take yi. In ƙasa ta jiƙe sharkaf kullum, iska ba ta shiga, yankakken wurin ya ruɓe. Garin neman gira a rasa ido ke nan. A soka tsinke cikin ƙasa a bar shi ƴan mintoci. In ya fito da danshi, a dakata. In sama ta fara bushewa, a zuba a hankali har ruwa ya fito ta ramin gindi, kuma kada a bar kasko zaune cikin ruwan da ya tsiyaye. Ganye langaɓaɓɓe bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ƙishirwa yake nunawa ba, saiwa ce ta kasa aiki. A irin wannan hali a jingina kasko ya ɗan karkata don ruwa ya tsane, a riƙa yayyafa ma ganye ruwa safe da yamma. Wasu na kifa farar leda bisa icce don riƙe danshi. Yana aiki, amma cikin inuwa kaɗai, kuma a riƙa buɗewa kullum. A rana irin tamu leda tukunya ce.

Sai taki. Kada a sa. Takin zamani gishiri ne, in ya taɓa saiwa mai rauni ruwa yake janyewa daga jikinta. Ɗanyen kashin kaji ma haka yake ƙonawa. A jira sai sabon toho ya fito ya miƙe, sannan a fara da kaɗan, tsarma-tsarma.

Sai motsi. Sabuwar saiwa ta fi zare laushi, in gindi na girgiza sai ta tsinke. Masu sana'ar suna ɗaure icce da waya ta ramukan gindin kasko tun ranar dashe. In ba a yi ba, a ɗaure gindin da igiya a jikin kasko. Kada a ja shi don a ga ko ya kama, kada a tone don a leƙa, kada a riƙa yawo da shi daga wannan lungu zuwa wancan. Kuma kada a sake mishi ƙasa karo na biyu, sai fa in an tabbata laka ce da ba ta tsanewa sam. Datse rassa da tanƙwara su da waya duk a bari. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba ranar da yake jinya ba. Ganyen da ya rage a bar mishi, da shi yake dafa abincin da zai gina saiwa.

Maganar ƴaƴa

A Japan an kasa bonsai gida-gida, kuma masu ƴaƴa suna da nasu suna, mimono. A ciki akwai rumman, kaki, ƙaramin tuffa da ƴan ƙananan lemu irin kinkan. Akwai wani abu da masu sana'ar suka daɗe da ganewa: ganye na ƙanƙancewa cikin kasko, amma fure da ƴaƴa kusan girmansu na asali suke fitowa. Shi ya sa suke zaɓen iri mai ƙananan ƴaƴa tun farko. Ka duba nauyin da ke kan ɗan icce mai tsawon kamu biyu in ya ɗauki rumman irin na kasuwa. Ɗan icce shi ne ke fara jan abincin da ganye ya dafa, saiwa sai abin da ya rage. Icce mai rauni kuma wani lokaci sai ya yi ta fure fiye da kima, mai shi ya yi murna, alhali alamar wahala ce.

Taura biyu ba ta taunuwa. Ko ya gina saiwa, ko ya ciyar da ƴaƴa. Don haka a shekarar dashe a tsinke fure da ƴaƴa duka. Na san da zafi, don saboda su aka sayi iccen. Rumman ɗin ƙawata ya yi toho a mako na biyar, kuma bana ma ba a bar shi ya ɗauka ba. In shekara ta zagayo icce ya yi ƙarfi, a bar mishi ɗaya ko biyu. In mai aure ne, kamar yawancin lemu da mangwaron da ake saidawa, a lura da tohon da ke fitowa ƙasa da wurin auren. Na uwar gindi ne, in an bar shi zai ƙwace ƙarfin na sama, sai a cire shi.

Toho na farko ma kada a yi saurin yarda da shi. Icce na iya fitar da shi da ajiyar da ke cikin gindi tun saiwa ba ta kama ba, ya yi kwana kaɗan ya bushe. Sai an ga yana ƙara tsawo, ganye na biyu da na uku sun biyo, sannan a fara matsar da kasko wajen rana, kaɗan-kaɗan cikin mako biyu. In kuwa damina ta wuce icce na nan jiya i yau, a ɗauke shi da ƙasarsa, ba tare da an taɓa saiwa ba, a sa cikin babban akwatin katako ko a ƙasa, ya yi shekara yana murmurewa. Masanan Japan ma haka suke yi, ba sa jin kunyar fidda icce daga kasko mai kyau in ransa ne a kan layi.

Wata da ƙasa

Abu na ƙarshe da tarihin nan ya koya mini shi ne kada a kwafi kalanda. A Japan da Faransa ana sake ƙasa a ƙarshen sanyi, wajen Maris, lokacin da idon toho ya kumbura bai buɗe ba, iska na da sanyi da danshi. Wanda ya karanta haka ya yi aikin a Maris a Tawa ko Damagaram ya miƙa iccensa ga bazara, ga zafin da ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu. Dalilin ake ɗauka, a bar watan: a taɓa saiwa lokacin da icce ke shirin tsiro kuma iska ba ta ƙwace ruwa. A wurinmu faɗuwar damina ke nan, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Ba banza ba ne ranar dashen itatuwa ta ƙasarmu ta faɗo 3 ga Agusta, tsakiyar ruwa.

Ƙasar ma haka. Su suna da akadama, wata jar ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa ta yankin Tokiyo, mai riƙe danshi tana barin iska ta wuce. Ba sai mun yi odarta ba. Yashin gulbi mai gautsi, fasasshen jan bulo da aka tankaɗe aka zubar da garin, ƴan gutsattsarin gawayi da taki da ya ruɓe sarai, in an haɗa suna yin aikin. Itatuwan kuma muna da su: tsamiya, magarya, ɓaure, rumman, lemun tsami, duk suna jure kasko.

Abin da nake roƙon duk ɗan'uwa ko ƴar'uwa da ke da irin wannan icce shi ne a samu ɗan kaye a rubuta: ranar da aka sake ƙasa, yawan saiwar da aka rage, ranar da toho ya fito, shekarar da aka bar shi ya yi ƴaƴa. Tsamiya ta fi mai ita tsawon rai. Wata rana wani ne zai cire ta daga kasko, mai yiwuwa wanda ba a haifa ba tukuna, kuma zai so ya san yaushe aka taɓa saiwarta na ƙarshe.